Naman Nerino da Giyar Edmea

Yayana Nerino Tagliavini shi kaɗai ne namijin da na sani a garinmu Borzanello, a Italiya, wanda bai taɓa shanye ko da kwano ɗaya na giyar inabi ba. Atishawa ce ta hana shi. Da ya kurɓa sau ɗaya sai ta sarƙe shi, ya yi ta yi har idanunsa su kaɗa. Ranar da Baba ya fara miƙa masa kwano, a lokacin girbin inabi yana ɗan shekara goma sha huɗu, kakarmu ta ƙirga atishawa goma sha tara, sannan ta ce a karɓe kwanon kafin kansa ya cire. A garin da ake tsoma yatsa a giya a shafa wa jariri a baki, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Baba ya ce wanda hancinsa ke faɗa da inabi ba zai riƙe gona ba, sai ya kai shi Reggio koyon walda.

Walda kuwa ta karɓe shi. Yana da shekara ashirin da huɗu ya bi wani kamfanin shimfiɗa bututun mai, suka yi Libya, daga nan ya wuce Texas, ya zauna can shekara talatin da uku. Wasiƙa biyu yake aiko mana a shekara, kowacce da hoto, kuma a kowane hoto tumbinsa ya ƙaru, malafarsa ma ta ƙaru. Bai yi aure ba. Idan Mama ta tambaye shi sai ya rubuto cewa matan can sun fi shi tsawo. Abin da ya fi cika wasiƙunsa shi ne labarin wani dattijo baƙar fata, Mista Odell, mahaifin abokin aikinsa, wanda ke gasa nama da hayaƙi a bayan gidansa kowane ƙarshen mako. Shekara biyar Nerino ya yi yana faskare da wankin tankin gashin kafin tsohon ya bar shi ya taɓa nama.

Ya dawo gida yana ɗan shekara sittin da ɗaya, bayan ya yi wasu shekaru a wani wajen gyaran tankuna ya ajiye aiki. Iyayenmu sun riga sun rasu, gidansu da ke jikin nawa babu kowa a ciki. Akwati biyu ya zo da su. Ɗaya tufafi, ɗayan kuma masoro ne, da wuƙaƙe, da ma'aunin zafi, da wata takarda ja ta naɗe nama. Mijina Tullio ya leƙa akwatin ya ce, "Ba'amurke, shekara talatin da ɗoriya, abin da ka samo ke nan?" Daga ranar sunan Ba'amurke ya bi shi.

Wata biyu ya yi yana walda a tsakar gida. Ya samo tsohon tankin gas, ya yanka masa ƙofa, ya liƙa masa akwatin wuta a gefe ɗaya da doguwar bututun hayaƙi a ɗaya gefen, ya ɗora shi kan tayoyin tarakta. Mutanen gari suka sa masa suna Jirgin Ƙasa. Tsofaffi kan tsaya a bakin shinge da kekunansu su tambaye shi ƙarfe nawa zai tashi zuwa Modena. Da ya je wajen mahauci ya ce a ba shi ƙirjin bijimin sa guda, kada a taɓa kitsen, mahaucin ya ɗauka romon biki za a yi, don mu ban da tafasawa ba mu san abin da ake yi da ƙirji ba. Da ya ji cewa awa goma sha huɗu zai yi cikin hayaƙi, da gishiri da masoro kawai, sai ya ce shi ma a ajiye masa kujera, yana so ya ga ƙarshen abin da idonsa.

Lahadin farko ta watan Mayu muka zauna mu goma sha biyu a dogon tebur ƙarƙashin rumfar inabi. Nerino ya fito da naman a kan katako, baƙi ƙirin kamar gawayi. Tullio ya cire hularsa ya ce Allah ya jiƙan wannan sa, ya mutu har sau biyu. Nerino ya sa wuƙa. Yankan farko ya kwanta a kan yatsansa kamar tsumma, ciki jajir a gefe, maiƙo na gangarowa. Aka rarraba. Ban taɓa ganin mutanen Borzanello sun yi shiru a kan tebur ba sai ranar. Mahauci ya ci ya dubi sama, ya sake ci, har da share ido.

Nan Tullio ya ce irin wannan nama sai babbar giya. Ya ruga gida ya ɗauko kwalbar Barolo da yake ɓoyo tun bikin 'yarmu, ya buɗe ta da ladabi, ya zuba wa kowa. Babu wanda ya yi tunanin kawo Lambrusco ɗinmu ta kullum, mai kumfa, wadda muke sha a kwano, don zai zama kamar ka sa silifas ka tafi biki. Aka ɗaga kofuna aka kurɓa, sai fuskoki suka yamutse gaba ɗaya. Baurin giyar ya haɗu da hayaƙin ya koma ɗaci, baki ya bushe kamar an tsotsi ƙusa. Tullio ya dubi kwalbarsa ta shekara goma sha ɗaya kamar zai yi kuka, sannan ya yanke hukunci: naman da giya ba ta yarda da shi ba, ba abinci ba ne, abin kallo ne. Tsofaffi suka gyaɗa kai. Nerino na zaune da kofin shayinsa mai ƙanƙara, wanda ya koyo a Texas, amma na san yayana, maganar ta soke shi.

Ran Talata ya naɗe yanka uku a jar takardarsa ya nufi gidan giyar ƙungiyar manoma. A can Edmea Ruozi take aiki. Shekara ashirin da shida tana cika wa mutane manyan tulunan gilashi da tiyo, kamar mai sayar da fetur, kuma ita ke kula da kantar kwalabe. Mijinta ya rasu shekara tara kafin nan. Gajeriya ce, tana da tabarau rataye da sarƙa da kuma baki mai kaifi, kowa kuma ya san babu harshe irin nata a gundumar. Idan ta ɗanɗana giya takan faɗa maka gonar wa aka tsinko inabin, da ko mai gonar ya yi ragwanci a shekarar.

Nerino ya faɗa mata damuwarsa: yana da nama, ba shi da bakin da zai nema masa abokin tafiya. Ta ci yanka ɗaya a tsaye, ta daɗe tana taunawa tana kallonsa ta saman tabarau. Sannan ta ce ba a yanke irin wannan shari'a da nama mai sanyi, dole sai ta ci shi da zafinsa a inda aka gasa shi. Ya ce Lahadi ma zai hura wuta. Ta ce za ta duba ko tana da sarari.

Ta zo, da kwalba ɗaya a kwandon keke. Barbera ce daga Piemonte, can ƙuryar arewa. Aka ci aka sha, ta rufe ido, muna ta jira. Ta ce tsamin ya yanke maiƙon, ba laifi, amma giyar ta fi son tsiran naman da Nerino ya rataya a gefen tanki. "An kusa, Sinyor Nerino," ta ce, "amma da saura. Ku ƙara haƙuri zuwa Lahadi."

Lahadi ta biyu ta kawo wata daga Veneto, mai nauyi, ta ce kamar a sa ƙattai biyu a gado ɗaya ne, kowa na ture ɗan'uwansa. Ta uku fara ce daga kan duwatsu, ta ce hayaƙi ya haɗiye ta ko ƙara ba ta yi ba. Haka ta riƙa gangarowa ƙasar daga arewa zuwa kudu, kwalba ɗaya a mako, kuma kullum hukuncin ɗaya ne, an kusa amma da saura. Shi kuwa Nerino sai ya ce ƙila laifin itace ne, ya bar oak ya koma ceri, ya bar ceri ya koma busasshiyar kurangar inabi. Ta ce ya rage masoro, ya rage. Ta ce ya yi yawan ragewa, ya mayar. Mahauci ya kafa taswirar Italiya a bangon shagonsa yana soka ƙusa kowace Litinin, masu sayen nama na tsayawa su ga inda Edmea ta kai.

Ni dai ba taswira nake kallo ba, yayana nake kallo. Mutumin da ya shekara sittin da rigar aiki mai ƙunar walda, sai ga shi da sababbin riguna har uku, ɗaya ma ruwan hoda. Ya rage gashin baki. Ya shuka furanni a cikin tsohuwar taya. Da sassafe ina jiyo shi ta kan shinge yana rera waƙoƙin Texas da murya kamar ta jaki, yana rawa da tsintsiya a hannu. Wata rana na same shi yana goge bututun hayaƙi da man goge takalmi. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce tsabta ce kawai, ni ce ban san aikin ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga arewa Edmea ta yi tsalle ta dira Toscana. Yankinmu na tsakiya, ta tsallake shi kamar kududdufi. Mace da ta yi shekara ashirin da shida tana zuba Lambrusco ba za ta manta da ita ba. Bayan Lahadi ta takwas na ɗauki tuluna na tafi wajenta, na jira har masu saye suka ragu. Ina riƙe da bakin tulu tana riƙe da tiyo na tambaye ta me giyar garinmu ta yi mata da ta ƙi gwada ta.

Giya ta cika tulu ta fara zuba a ƙasa, Edmea ba ta lura ba. Ta yi ja har kunnuwa. Ta ja ni bayan ganguna ta ce tun yankan farko, a tsaye, da naman mai sanyi, ta san amsar. Lambrusco ce, marar zaƙi, a sanyaya ta sosai. Kumfar za ta wanke maiƙon, tsamin ya tashi bakin, kuma ba ta da baurin da zai yi faɗa da hayaƙi. Ko yaron da ya fara aiki jiya zai gane.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Fosca, in na faɗa masa ran Talata, me zai kai ni gidan ran Lahadi?"

Ta sa na rantse da kabarin Mama ba zan faɗa wa kowa ba. Na fito ina tuƙa keke ina dariya ni kaɗai, har na kusa faɗawa lambatu.

Kwana biyu bayan haka na kai wa Nerino taliya, na tarar yana guga. Na ce masa abin ya isa haka, ga zafi ya shigo, ga kuɗin ƙirjin sa kowane mako, me zai hana ya tambayi wani. Ya ajiye dutsen guga ya rufe ƙofa. Ya ce tun mako na uku ya sani. Wata Litinin Tullio ya shigo ya ɗumama ragowar nama ya ci da Lambrusco daga firji, ya buga tebur ya ce ga ta nan, an gama. Nerino ya toshe masa baki da alkawarin haƙarƙari guda kowane mako har ƙarshen bazara.

"In ta ji an samu amsa ai ta daina zuwa," ya ce. "Kada ki kuskura, Fosca. Mace mai ilimi irin wannan, ki bar ta ta yi bincikenta."

Shi ma ya sa na rantse, da kabarin Mama ɗin dai. Na koma gida na tarar da Tullio yana gwaguyar ƙashin haƙarƙari, na fahimci inda yake samo su. Ban daure ba ko awa ɗaya, na zayyana masa na Edmea. Ya yi dariya har ya shaƙe, sai da na bubbuga masa baya.

Lahadi shida da suka biyo baya su ne mafi wuya da mafi daɗi a rayuwata. Edmea za ta rufe ido ta juya giya a baki da fuskar alƙali, Nerino ya sunkuyo da fuskar mai jiran hukunci, ta ce an kusa, shi kuma ya dafe kai ya ce kash, ga murna na neman fasa masa kumatu. Ni ina cusa adiko a baki, Tullio yana taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sau biyu na tashi na shige kicin na kwanta a kan buhun fulawa na yi dariyata ta ishe ni. Teburin kuma sai ƙaruwa yake, don labari ya bazu, muka kai mu talatin, har Fada Celso na cocinmu ya fara gajarta wa'azi.

Kada a ce binciken banza ne. A Puglia ta samo Primitivo, mai ɗan zaƙi, wadda ta zauna daram da haƙarƙarin da Nerino ke shafa wa zuma da barkono. Ranar ta manta kanta ta ce wannan kam ya yi, sai ta ga yadda fuskar Nerino ta faɗi, ta yi maza ta ce haƙarƙari take nufi, ƙirji yana nan da sauransa. Ya sauke ajiyar zuciya da kowa ya ji.

Lahadi ta goma sha huɗu ta faɗo a watan Agusta, rana kamar ta narka tankin. Edmea ta zo da kwalbar Sicily. Aka sha, ta ce an kusa, amma muryarta ba ƙarfi. Mahauci, wanda ba shi da labarin komai, ya ce ƙusarsa ta kai ƙarshen taswira, daga nan sai teku. Na ga Nerino yana kallon Edmea, ita tana kallon farantinta.

Tullio ya miƙe. Ya ce shi dai zafi ya dame shi, a yafe masa, zai sha abin da ubansa ke sha. Ya nufi rijiya ya jawo guga, ashe tun safe ya jiƙa kwalaben Lambrusco shida marasa takarda a ciki. Ya fasa ta farko, kumfa ja ta yi tsiri ta wanke wa Fada hannun riga. Ya bi tebur yana zubawa a fararen kwanonin Mama. Mutane suka kai nama baki suka bi shi da kurɓi, sai wurin ya kaure. Mahauci ya hau kan benci. Wata tsohuwa da ta ce haƙoranta ba sa son nama ta miƙa faranti a ƙara mata. Fada Celso ya ce shekara arba'in yana wa'azi a kan mu'ujiza, bai san tana cikin rijiyar Tagliavini ba.

Mutum biyu ne kawai ba su yi murna ba. Edmea ta ajiye kwano ta ce a hankali, ba laifi, amma ya kamata a sake gwadawa da wani itacen. Nerino ya yi caraf ya ce shi ma haka ya gani, ko da yake bai sha ba. Tullio ya dube su ya ce, "Ku ji tsofaffin maƙaryata. Ita ta sani tun Mayu, shi ya sani tun mako na uku, ni kuma na ci haƙarƙari goma sha ɗaya a kan in yi shiru, cikina ya gaji."

Edmea ta cire tabarau ta dubi Nerino. Shi ya zama ja kamar kumfar. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba wanda ya ji daga bakinta tun rasuwar mijinta, ta yi ta yi har ta riƙe gefen tebur. Da ta lafa ta share ido, ta ajiye "ku" ɗin girmamawa da suka yi wata uku suna yi wa juna.

"To Nerino, ƙasa ta ƙare, giya ta ƙare. Da wane dalili zan zo Lahadi?"

Yayana ya murza malafarsa a hannu har ta lanƙwashe. "Ki zo ba dalili," ya ce. "Litinin ma ina gida. Talata ma."

A watan Nuwamba aka ɗaura auren, bayan an gama girbi. Nerino ya gasa ƙirji shida, ya hana kowa taɓa wutar, har ya shiga coci yana ƙaurin hayaƙi cikin sabuwar kwat. Edmea ta tsara teburin da kanta: Lambrusco ga ƙirji, Primitivo ga haƙarƙari, Barbera ga tsiran nama, shayi mai ƙanƙara ga ango. An yi rawa har takalmina ya ɓalle, na ƙarasa da ƙafa.

Shekara tara ke nan yanzu. Edmea ta ajiye tiyo ta tare a gidan iyayenmu, suna hura wuta sau biyu a wata, kuma sai ka faɗa da wuri kafin ka samu kujera, don har daga Parma ake zuwa. Suna faɗa a kan gishiri kamar yara. A watan jiya Nerino ya hau tsani zai sare reshen ceri, ya zamo ya karya ƙafa, likita ya ce mako shida ba takawa. Edmea ce ke kula da tankin, shi yana zaune a taga da ƙafa a kan matashi yana ƙwala mata umarni, ita kuma tana cewa to, tana yin abin da ta ga dama. Lahadin da ta wuce ta kai masa yankan farko har taga. Ya tauna, sannan ya leƙo ya ce wa Tullio ya zo ya taimaka masa ya tashi, dole ya warke da wuri, matar nan na neman raba shi da sana'arsa.